Ranar da Kinasawa Suka Sauke Kaya

Masu neman abin al'ajabi sukan yi guzuri su nufi bayan dutse ko tsakiyar teku. Dakta Iyatu Barmo ba ta je ko'ina ba. Nata ya same ta ne a ɗakin gwaji, wata Talata da hantsi, shayinta na hucewa a gefe. Ta kara ido a madubin ƙara girma tana duban wata ƙwayar jijiya, sai wani ɗigon haske kore ya tsaya cak a tsakiyar hanya, ya ɗago kai, ya yi mata sallama.

Bari in gaya muku abin da ya kawo haka. A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikinmu akwai hanyoyi sirara, da wasu furotin masu ƙafa bibbiyu da ke tafiya a kansu ɗauke da kaya. Masana na ce wa masu fita da kaya zuwa nesa kinesin, masu dawowa da shi kuma dayinin. Aikin Iyatu ke nan shekara da shekaru: ta liƙa musu ɗan haske, ta zauna tana kallon takunsu.

Ƙwayoyin da ke gabanta kuwa ba irin sauran ba ne. Daga fatar hannun mahaifiyarta, Inna Tabawa, aka raine su har suka zama ƙwayoyin jijiya, kafin ciwon da ya fara cin ƙafafunta tun daga yatsu ya kwantar da ita har ta cika. Farantai da dama Iyatu ta raina, wutar lantarki ta yi wata doguwar tafiya, duk suka mutu sai ɗaya. Abin da ya rage da rai na Inna a duniya yana cikin wannan ɗan farantin gilas, kuma Iyatu na son sa fiye da yadda take iya faɗa.

To, ita mace ce mai son abu ya tafi ɗoɗar. Ko tabarmar gidan mutane ta ga ta karkace sai ta gyara ta da ƙafa tana gaisuwa. Ta lura kaya ba sa tafiya kai tsaye, in mai fita ya ja gaba sai mai dawowa ya fizgo baya. Ta ce ai ga ciwon nan a fili, a kwantar da masu ja baya kawai kaya su isa. Ta ɗiga maganin da ke sa su barci ta tafi gida tana jin daɗin dabararta. Da ta dawo da safe babu abin da ke motsi, ko gaba ko baya, kuma ƙarshen jijiyar ya fara yamushewa. Garin neman gira tana shirin rasa ido.

A safiyar ne ɗigon nan ya yi mata sallama, ta kuwa amsa, don ko aljani ya yi sallama ai a amsa masa.

Ɗigon ya ce, "Ke ce mai babban ido da kika rataya mini fitila a ka ba ki tambaye ni ba?"

Iyatu ta ce, "Ni ce. A gafarce ni."

Ya ce, "Wannan ƙarami ne a cikin laifukanki. Sunana Takau, Bakinase ne ni, irin waɗanda kuke ce wa kinesin. Magajiya na kira. Tuɓe takalmi, ki sa ƙafar dama a bakin madubi."

Ta yi bisimilla ta sa. Ba ta san sa'ad da ta zurma ba, sai jin ta ta yi a tsaye a kan wata hanya mai kama da ƙaton kara, ba a ganin farkonta balle ƙarshenta. Sama da ƙasa da gefe duk ruwa ne mai kauri, cike da tarkace suna rawa, suna dukan mutum ta ko'ina ba gaira ba dalili. Takau ya riƙe ta. Dogo ne siriri kamar igiya biyu da aka tufke, ƙafafunsa sun fi kansa girma, fitilar nan kuwa na lilo a bisa.

Ya ce, "Dokar garin nan ɗaya ce. Kada ki ɗaga ƙafa sai ɗayar ta kama ƙasa. Wanda ya ɗaga biyu, ruwan rawa ya tafi da shi, sai dai labari."

Suka isa Babban Zaure, mai ƙofofi ta kowace fuska. A hanya ta ga Kinasawa zazzaune, kowa ya sauke kayansa ya yi tagumi. A bakin zauren Magajiya ke zaune, wata dattijuwa mai ɗaurin kai ya fi na kowa tsawo, tana warware wani zare da ba ya ƙarewa. Iyatu ta durƙusa, amma da ƙafa ɗaya a ƙasa.

"Ranki ya daɗe, na amsa kira."

Magajiya ta ce, "Ke 'yar Adam, mun daɗe muna ganin idonki a samanmu, ba mu ce komai ba, don kallo ba ya hana ɗan dako tafiya. Me Dayinawa masu dawo da kaya suka yi miki kika zuba musu danƙo a baki?"

"Ranki ya daɗe, na ga suna faɗa da mutanenki ne. Waɗannan su ja, waɗancan su ja. Na ce in raba."

Duk da baƙin cikin da ake ciki sai da zauren ya ɗauki dariya. Magajiya ta share ido da bakin zare.

Ta ce, "A garinku ba ku da taubasai? Bakinase da Badayine abokan wasa ne tun ran da aka kafa garin nan. Bakinase ba ya sanin da kaya a kansa sai taubashinsa ya fizgo shi ta baya ya ce masa bawa. Fizgar nan ita ke ta da ƙafarsa. Yau taubashi na kwance, wa zai yi aiki? Ga Ƙarshen Hanya can, murhunsu ya tsufa, wutarsa na mutuwa. Sabon murhu ya tsaya a Mashaya, inda barci ya kama Jayau, shugaban Dayinawa. In wutar can ta mutu kafin ya isa, mutuwa za ta biyo hanya ta cinye garin har zauren nan."

Iyatu ta ƙara durƙusawa. Ta ce, "A gaya mini magani, ko mene ne zan yi."

Magajiya ta ce, "Kowa ya ɗaure kura shi ya san yadda zai kwance ta. Badayine ba ya jin tsiyar taubashi ya yi shiru, ko a barci ne. Amma mutanena sun zazzage duk tsiyar da suka gada, Jayau ya saba da ita, ko juyi bai yi ba. Sai sabuwa. Ke kuma baƙuwa ce, tsiyar baƙo zagi ne, hukuncinsa a jefa shi a Tukunyar Tsami ya narke. Sai kin zama Bakinasa tukuna. Ki ɗauki kaya a ka, ki taka daga nan zuwa Mashaya, ba waiwaye, ba komawa baya. In kin isa, ke tamu ce, bakinki ya halatta. Kin yarda?"

"Na yarda, ranki ya daɗe."

Aka naɗa mata gammo, aka ɗora mata kwandon wata irin gyaɗa mai walƙiya. Takau ya ce ita ce abincin garin, kowane taku sai an jefa ƙwaya guda a baki, in babu ita ƙafa ba ta ɗaguwa. Iyatu, wadda rabonta da ɗaukar kaya a ka tun tana 'yar firamare, ta kama hanya tana tauna tana taku, Takau na gaba yana haska mata da fitilar da yake ta ƙorafi a kanta.

Ba su yi nisa ba suka tarar da wasu fararen awaki kwance a kan hanya, sun toshe ta. Iyatu ta ɗaga hannu za ta kore su, Takau ya hana ta. Ya ce su ke danne hanya kada ta wargaje, in kaɗan ne alheri ne, in sun yi yawa su zama bala'i, kuma ba su san kora ba. Dole ta raɓa ta gefen karan, inda ya gangara, kwando na rinjayar ta, tarkace na dukan haƙarƙarinta. Wani bunsuru ya miƙa wuya ya ci gyaɗa son ransa, ita kuwa ba halin waiwaye balle ta rama.

Suna wuce awaki sai ta ji ƙara a gabansu. Hanyar ce ke cin kanta, tana tsagewa tana naɗewa tana zubewa, ramin na nufo su a guje. Takau ya miƙa ƙafarsa ya kama wata hanya da ke kusa, ya haye abinsa.

Ya ce, "Miƙo ƙafa. Kada ki yi tsalle."

Ta ce, "Ƙafata ba irin taka ba ce, Takau, ba za ta kai ba."

Ya ce, "To ki gaya wa ramin haka."

Ta tattare zani, ta miƙa ƙafar dama har ta ji ƙugunta ya yi ƙara. Babban yatsanta ya kama, ta janye ta hagu daidai lokacin da inda take tsaye ya zube. Ta tsaya tana haki tana salati. Da ɗalibanta sun gan ta a wannan hali, da sun sami abin faɗa har su gama jami'a.

Can gaba wata siririyar mata ta faɗo daga sama, hannuwanta shuɗi fat. 'Yar Shuni ke nan, mai shafa wa duk abin da ya lalace alama don a kai shi Tukunyar Tsami. Ta zagaya Iyatu tana shinshina.

"Wannan ba ƙirar garin nan ba ce. Ke kaya ce ko mai kaya?"

Iyatu ta ce, "Mai kaya ce, ga shi a kaina."

"Mai kaya ba ta tsayawa hira. Wanda ya tsaya, nawa ne." Ta dangwala mata shuni a goshi. "Ɗaya ke nan. In na jera miki su, Tukunya za ta kira ki da sunanki."

Iyatu ta ci gaba da tafiya. Ta jefa gyaɗa a baki ta taka, ta jefa ta taka. 'Yar Shuni na biye da ita da yatsa a miƙe, tana yi mata tambayoyi masu daɗi, wane ne mijinta, ina ta sayi zanin. Da ta ga ba za a tanka ba ta yi tsaki ta koma kan wani tsohon buhu da ya yage.

Haka suka isa Mashaya, gyaɗar ta kusa ƙarewa. Ga sabon murhu nan, ya kai girman rumbu, wuta na ruri a cikinsa. Kinasawa sun yi jugum a gabansa. A bayansa Dayinawa ne birjik a kwance, gajeru masu ƙiba, kowanne da baki zagayayye kamar gammo, cike da danƙo. Wanda ya fi su girma da minshari shi ne Jayau.

Takau ya sauke mata kwandon ya ɗaga murya. "Ku shaida, ta taka ba ta waiwaya ba. Daga yau Bakinasa ce."

Kinasawa suka ce sun shaida. Iyatu ta matsa kusa da kunnen Jayau. Ita ba gwanar barkwanci ba ce, a gidan biki ma ita ke tambayar ƙarfe nawa za a tashi. Ta laluba kanta ba ta sami komai ba sai abin da ta gani da idonta, don haka shi ta faɗa.

"Kai Jayau, bawan Kinasawa. Na daɗe ina kallon tafiyarku daga sama. Da farko na zaci madubina ne ya lalace, har na kira mai gyara ya kwance shi ya ɗaura, ashe lafiyarsa ƙalau. Ƙafarka ta dama na neman gabas, ta hagu na tambayar hanyar kudu. Ka yi gaba, ka yi gefe, ka koma baya ka duba ko ka yar da wani abu. Na kai hotonka taron masana, wani tsoho ya cire tabarau ya ce, baiwar Allah, wannan tafiya yake yi ko kunama ce ta harbe shi?"

Kinasawa suka faɗi ƙasa don dariya, kowa da ƙafa ɗaya a liƙe. Minsharin Jayau ya tsaya. Kumatunsa suka kumbura, ya yi wata irin atishawa, danƙon ya yi tsalle daga bakinsa ya manne a fitilar Takau. Ya buɗe ido ɗaya.

"Wace baiwa ce wannan aka sayo mana a rahusa? Ke ce mai idon nan? Ido ya kai faifai, amma ki ga mutum biyu na wasa ki kira shi faɗa. Ku Kinasawa dama haka kuke, gaba dai gaba dai, ba mai tambayar ina za shi. Ba don mu ba da tuni kun taru a Ƙarshen Hanya kuna kuka ba mai dawo da ku."

Jin muryarsa sai sauran Dayinawa suka shiga atishawa, danƙo na tashi ta ko'ina. Kafin ka ce kwabo tsiya ta kaure, wannan na cewa bawana, wancan na cewa kakanka ma mu muka goya shi. Jayau ya kama murhu ta baya ya fizga. Kinasawa suka zabura, ƙafafunsu suka tashi da kansu, murhu ya motsa. Iyatu ta sa kai ita ma. Ana gaba, a fizgo baya, a zagaye akuya, a sake gaba. Nan ta gane fizgar ce ke fitar da kaya duk inda ya maƙale, abin da ta daɗe tana kallo ba ta gani ba.

Ƙarshen Hanya wani ɗan fili ne mai duhu da sanyi, bangonsa ya fara tattarewa. Wata tsohuwa mai tsaron ƙofa na durƙushe gaban tsohon murhu tana hura garwashi guda da ya rage, ya yi ja ya dushe. Aka girke sabon. Wuta ta kama, ɗumi ya bazu, bango ya miƙe, fuskar kowa ta fito. Tsohuwar ta ɗebi wasu 'yan ƙunshi ta watsa ta ƙofar waje, ta kasa kunne, ba ta ji komai ba. Sai ta juyo ga Iyatu.

"'Yata, sannu da hanya. Ke da kike zaune a sama, ina da tambaya. Aikinmu a nan shi ne mu aika wa ƙafa saƙo ta motsa. Kullum muna aikawa, an daɗe ba amsa. Yaya mai garin take? Ta sami sauƙi?"

Iyatu ta dubi Takau, ta dubi Jayau, duk sun zuba mata ido. Ta ga yadda suka sauke kaya don taubashi ya yi barcin kwana ɗaya, ina ga sun ji wannan. In ta ce Inna na nan lafiya, za su ci gaba da aiki, farantinta ya rayu. Tsoro ya kama ta ƙwarai. Amma muryar tsohuwar irin ta Inna ce sak, har da 'yar shaƙewar nan, kuma ita ba ta taɓa iya yi wa wannan murya ƙarya ba.

Ta ce, "Iya, mai garin ta rasu. Mahaifiyata ce. Damina ta riga ta sauka a kan kabarinta. Babu ƙafa a bayan ƙofar nan, gilas ne. Ku kaɗai kuka rage."

Tsohuwar ta zauna a hankali. Kinasawa suka sunkuyar da kai, wani ya fara kwance gammonsa. Iyatu ta ji kamar ta yi wa Inna rasuwa ta biyu da bakinta, hawaye suka zubo mata.

Jayau ne ya yi gyaran murya. "Allah ya jiƙan ta, ya sa ta huta." Aka amsa da amin. Ya ce, "Baiwata, ina tambaya. Ita ta ɗora mana kayan nan, ita ke da ikon cewa a sauke. Da za ta tafi, ta ce a sauke?"

Iyatu ta share fuska. "Ba ta ce ba. Hannu ta miƙo mini ta ce, yanki fatar ki duba ta da kyau, ko jikokina sa tsira da ƙafafunsu."

Jayau ya ce, "Jikoki gare ta?"

"Suna nan, har da mai koyon tafiya."

"A'a, to zaman me muke yi?" Ya juya ga wanda ya kwance gammo. "Kai bawa, naɗa abinka. An bar mu gadon aiki kana neman hutu." Ya sunkuci tsohon murhu ya saɓa, ya yi taku guda gaba, guda gefe. "Ke kuma koma sama ki buɗe idon nan da kyau. In kin ga inda muke tuntuɓe ki faɗa, ba ma jin haushi. Amma kafin ki sake zuba mana wani abu, ki yi sallama."

Tsohuwar ta tashi ta ɗebi wani ƙunshin ta watsa ta ƙofa. Ta ce, "Ko ba amsa, a aika. Wata ƙafar za ta ji."

Takau ya raka Iyatu har inda hasken madubi ke saukowa. Ta ce za ta cire masa fitilar in ta koma. Ya ce ta bar masa abarsa, yanzu duk garin ba wanda bai san shi ba.

Ta buɗe ido a kan kujerarta, ƙugu na ciwo, goshi da ɗigon shuni. Ta zuba wa farantin sabon ruwa mai ɗumi, ta kara ido a madubi. Ɗigon kore ya yi gaba, aka fizgo shi baya, ya sake yin gaba. Iyatu ta yi dariya, hawaye na ɗiga a kan farar rigarta, ta ce, "Inna, mutanenki sun tashi."